Talakan Da da Talakan Yanzu: Hirar Majalisarmu a Bwari

Majalisarmu ba ta da yawa, kuma abin da aka faɗa a cikinta ba ya tsallake tabarma. Wannan karon na roƙi alfarma, suka ce in rubuta amma kada in kama sunan kowa. Akwai Malam, wanda ya koyar da tarihi a sakandare har ya yi ritaya. Akwai Alhaji mai sayar da kayan gini, a ƙofar gidansa muke zama bayan isha'i. Akwai Barista, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda karatu ya kawo shi Makarantar Horar da Lauyoyi ta nan Bwari, ya gama ya ƙi komawa gida. Sai abokinmu mutumin Ushafa, ɗan Gbagyi, wanda in ya juya Hausa sai ka rantse a Zariya aka yanke masa cibiya.

Barista ne ya tono maganar. Ana hirar tsadar kuɗin mota zuwa cikin gari, sai ya ce duk wuyar da ake sha mu gode Allah da zamaninmu, domin yanzu babu ɗa babu bawa, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda asalin haihuwarsa.

Malam ya ajiye kofin shayinsa. "Ɗana, a makarantarku an ba ku labarin dutsen Hammurabi?"

"An ba mu, Allah ya gafarta Malam. Sarkin Babila ne, a Iraƙi ta yanzu."

"To, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya sa aka sassaƙa dokoki kusan 282 a jikin dutse. Mutane kashi uku ya yi su: ɗan babban gida, da talaka, da bawa. Ka tsone idon ɗan babban gida, a tsone naka. Ka tsone na talaka, ka biya azurfa. Ka tsone na bawa, ka biya rabin kuɗinsa, kuma ubangidansa za ka ba, ba shi mai idon ba."

Alhaji ya yi dariya har da buga ƙafa. "Wallahi Malam, gara shi. Ya rubuta gaskiyarsa a dutse kowa ya gani. Mu namu an rubuta kowa ɗaya, amma je ka Kuje ka ƙirga masu jiran shari'a, ka ga ko akwai ɗan Maitama a cikinsu."

Barista ya so ya musa, sai dai shi da kansa ya san fiye da rabin waɗanda ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Ya ce laifin ba na doka ba ne, na aiki da ita ne: wanda ke da kuɗin lauya da mai tsaya masa beli ya kwana gida, wanda ba shi da su ya yi ta jin an ɗage zama. Malam ya ce ai abin da yake nufi ke nan, matakan uku suna nan, sunansu kawai aka goge.

Mutumin Ushafa bai ce komai ba sai a nan. "Ku kullum in za ku yi maganar mutanen da, sai kun haye teku. Ga su nan a bayan gidanmu."

Ya zaro naira ashirin ya juya bayanta, ya nuna mana Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ya ce yadda mahaifiyarsa ke ɗora yumɓu naɗi bisa naɗi ba tare da injin juyi ba, haka mutanen Nok suka gina gumakansu, kuma ƙasar Nok ɗin ta haɗo har da inda muke zaune. Malam ya gyara zama, domin an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wani ɗan kan yumɓu a ƙauyen Nok, ƙasar Jaba a kudancin Kaduna. Bayan shekaru aka kai wa Bernard Fagg wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙar kuza ya kafa a gonarsa yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya ga aikin hannu iri ɗaya ne, ya raɗa wa al'ummar sunan ƙauyen. A shekarun 1960 ya tono Taruga, kudu maso gabas da Abuja, ya tarar da matoya 13 na narkar da tama, waɗanda aka yi aiki da su ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Daga 2005 kuma masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka shigo aikin, suka kafa sansani a Janjala cikin Kagarko, ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da mu. Binciken nasu ya kai farkon mutanen Nok baya har wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

"Me suke ci?" in ji Alhaji, wanda ba ya wasa da maganar ciki.

"Gero da wake," in ji Malam. "Da zuma. An gwada ɓaraguzan tukwanensu, aka sami alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku."

"Ashe da na je can ba zan yi baƙunta ba."

Abin da ya riƙe mu tsawon lokaci shi ne abin da masu tonon ba su tarar ba. Babu fada, babu wani kabari da ya fi saura ƙawa har a ce ga na sarki. Ƙananan gidajen gona ne a warwatse a gindin duwatsu da kan tuddai. Amma kuma ga gumaka masu kitso iri-iri, da duwatsun wuya, da idanu masu kusurwa uku a huje, salo ɗaya daga wannan yanki zuwa wancan, tafiyar kwanaki a ƙafa. Alhaji ya ce ba zai yiwu ba, duk inda ka ga gwani to akwai mai ciyar da shi, ai maroƙi ma ba ya kiɗa a kango. Malam ya ce mu ne muka saba da haka, shi ya sa in muka ga kyakkyawan aiki sai mu fara neman wanda ya ba da kwangila. Mutumin Ushafa ya goyi bayan Malam. Ya ce a ƙauyukansu na da, dattawan zuriya ke yanke magana, gayya ke noma gona, kuma babu mai ginin tukunyar da ta jira umarnin fada kafin ta zana ƙadangare a jikin randa.

Ni a nan na fi karkata ga su biyun, ko da yake na san Alhaji ba wauta ya faɗa ba. Mutanen da suka iya sarrafa wuta har ta narkar da dutse ta fitar da ƙarfe ba su rasa tsari ba. Tsarin ne bai bar mana gidan sarki ba. Abin takaicin kuma, gumakan da suka fito daga hannun manoman gero yau sun zama kayan adon masu kuɗin Turai. 'Yan sumoga sun yashe ramuka ba iyaka, har a gidan tarihin Louvre na Faransa an baje wasu a shekarar 2000, aka yi ta cacar baki da Najeriya a kai.

Alhaji dai bai saki ba. Ya ce shi mulkin sarakuna yake so a yi magana, lokacin da ake kunyar manya, talaka kuma ya san ƙofar da zai kai kuka.

Malam ya ce to mu leƙa Suleja, wadda ita ce Abuja ta asali. Da jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da mutanensa ya sauka Zuba. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, suka zo da tsarin sarautar Haɓe yadda yake, shi ya sa da M. G. Smith ya zo rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, a nan ya sami hoton tsohon tsarin. Manyan 'yan majalisa huɗu ne: Madawaki mai riƙe da rundunar yaƙi, sai Galadima da Wambai da Dallatu. Ukun nan na ƙarshe babanni ne.

Barista ya zaro ido. "Babanni fa, Malam?"

"Ƙwarai. Wanda ba zai haihu ba, ba zai tara wa ɗa ba, ba zai yi kwaɗayin kafa gidan sarauta ba. Ga kuma Sarauniya da Iya, mata masu sarauta da jama'arsu. An rarraba iko yadda sarki ba zai motsa shi kaɗai ba, Madawaki ma ba zai juya masa baya shi kaɗai ba."

Alhaji ya ce da za a sa wannan sharaɗin ga masu neman minista yau, da layin ya ragu. Muka yi dariya har mai gadin maƙwabta ya leƙo.

Mutumin Ushafa ne bai yi dariyar sosai ba. Ya rage murya ya ce, "Alhaji, ka san ina ƙaunarka, amma zamanin da kake yabo, kakannina a kan dutse suka kwana. Kana zaton don shan iska suka gina gidaje a saman duwatsun nan? Mahara ne. Har yau tsofaffinmu in an ambaci Nagwamatse na Kwantagora sai fuskarsu ta canja. Ƙofar da ka ce talaka ya sani, wani ta cikinta aka wuce da shi kasuwa."

Shiru ya ɗan ratsa. Alhaji ya ce, "Gaskiya ka faɗa, ɗan'uwa." Malam ya ƙara da cewa Turawa sun shelanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wato akwai masu rai yau da kakanninsu na kusa suka ga abin da idonsu. Ya ce ko a cikin 'ya'ya ma akwai hawa-hawa: sarakuna, malamai, attajirai da fatake, sannan masu sana'ar gado, maƙera da majema da wanzamai da mahauta da maroƙa, kowa ya san gidan da zai nemi aure da gidan da ba zai tunkara ba. Kuma mutanen lokacin ba su rufe baki ba. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya rubuta masa abin da ya wajaba a kan sarki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma a Kitabul Farƙi ya jero laifuffukan sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya: harajin da shari'a ba ta sani ba, ƙwace kayan talaka a kasuwa, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin ya saurare ka, da alƙalin da ke duba hannun mai ƙara kafin ya duba hujjarsa.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Barista, "wannan littafin jiya aka rubuta shi?"

Ga ra'ayina a kan wannan gaɓar, kuma na faɗa musu a wurin. Tsohon tsari mugu ne ta fuskoki da yawa, ba na fatan dawowarsa. Amma yana da abu ɗaya: wanda ke samanka yana da suna, yana da zaure, kuma al'ada ta ɗora masa nauyi. In fari ya zo ana duban rumbunsa, in ya yi rowa maroƙa su yi masa zambo gari ya ɗauka. Na yanzu ba ya amsa cewa yana samanka. Zai ce shi ma ɗan ƙasa ne kamar kai, ƙoƙarinsa ne ya kai shi. Ya sami gatan sarauta, ya sauke nauyinta. Dubi yadda aka tsara birnin nan: Asokoro da Maitama a ciki, sannan Garki da Wuse, sai Kubwa da Dutsen Alhaji, sai mu a ƙarshen kwalta. Da asuba motoci su kwashi masu shara da direbobi da masinjoji su shiga da su, da magariba su dawo da su. Ma'aikatan gwamnati ma mataki 17 aka yi musu, kuma na mataki na 4 ya san ƙofar da ba ta buɗe masa, ba sai dogari ya tare shi ba.

Barista ya ce duk da haka akwai tsani. Shi kansa jikan maƙeri ne, ga shi da rigar lauya. Ya nuna wajen hedikwatar JAMB ya ce tun 1978 ɗan kowa jarrabawa ɗaya yake zaunawa. Malam ya yarda, ya ce wannan ci gaba ne na gaske, kada a raina shi. Sai dai dabarar ba sabuwa ba ce. Mutanen Sin sun yi shekara kusan 1300 suna ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa a kan littattafan Konfushiyas, sai 1905 suka daina. A ƙa'ida ɗan manomi na iya zama gwamna. A aikace, gidan da zai iya ciyar da yaro shekara da shekaru yana haddar littattafai ba ya zuwa gona, shi ke cinyewa. Har satar amsa sun yi, an sami ƙananan littattafai da riguna masu rubutu a ciki. Alhaji ya ce to yaron ƙauye da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, da wanda aka haifa da ita a ɗaki, ai tsanin ɗaya ne amma wani daga tsakiya ya fara hawa.

Ya tuna mana da yajin aikin malaman firamare na Abuja a 2025, yadda yaran talakawa suka yi wata uku da ɗoriya a gida a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, alhali makarantun kuɗi ko ranar hutu ba su ƙara ba. Malam ya ce ko wannan Misirawa sun riga mu: a shekara ta 29 ta mulkin Fir'auna Ramsis na Uku, masu sassaƙa kaburburan sarakuna sun ajiye kayan aiki sun je sun zauna a bakin haikali saboda an jinkirta musu rabon hatsi.

Daga nan hira ta gangaro kan zaɓe. Barista ya kawo Atina, uwar dimokuraɗiyya. Malam ya ce a yi hattara, a can mata da bayi da baƙi ba su da ƙuri'a, su ne kuma mafi yawa. Aflatun ma bai yarda da tsarin ba, tunda tsarin ne ya kashe malaminsa Sukurat a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi a ganinsa masana su yi mulki, jarumai su yi tsaro, saura su yi noma da sana'a. Amma akwai abu biyu da suka burge majalisarmu. Majalisarsu ta mutum 500 da ƙuri'ar canki-canka ake cika ta, ba kamfe ba ubangida. Sannan sau ɗaya a shekara suna iya rubuta sunan babban mutumin da suke tsoron ƙarfinsa a jikin katangar fasasshiyar tukunya, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10.

"Ku ba mu kwangilar," in ji mutumin Ushafa. "Katanga ba ta ƙarewa a garinmu."

Da dariya ta lafa, ya ce shi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ba ya da nisa da na bayin Atina. Ɗan Kaduna da ɗan Neja suna zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha. Shi kuwa tun da dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta yanki ƙasar nan ta zama babban birni, wanda ke mulkinsa minista ne, naɗa shi ake yi. Ƙuri'arsa ta tsaya ga shugaban ƙasa, da sanata ɗaya, da ɗan majalisar wakilai, da ciyaman da kansila. Mutanen tsohuwar Wuse an kwashe su zuwa Sabon Wuse a jihar Neja, wasu ƙauyukan an kai su Kubwa, su kuma mutanen Ushafa gonakinsu madatsar ruwa ta Usuma ta ci wani sashe, ruwan ya wuce ta gabansu zuwa cikin gari. Bill Clinton ya zo Ushafa a 2000, an yi rawa an ɗauki hoto. Ya ce matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, domin a wurinsu kai shi ne mai tunanin jiki duka, bai kamata a ɗora masa itace ba. "Mu muka girmama kai haka, amma ba a tambaye mu wa zai zama kanmu ba."

Alhaji ya waiga hagu da dama, ya ce tunda an zo nan, ai maganar sarauta ma ba ta mutu ba, garinmu na Bwari da ke da Esu kuma yake da Sarki, kowa ya tuna Disambar 2017 da kasuwa ta ƙone aka sa dokar hana fita. Malam ya ɗaga hannu ya ce wannan a bar ta, akwai maganar da ko a majalisa sai da rana. Muka bar ta.

Sai Alhaji ya matso kusa da Barista. Ya ce filin da ya gina shagonsa na biyu, daga hannun wani dattijon ƙauye ya saya, akwai takarda da sa hannun mai unguwa da shaidu. Yana so ya ji matsayinta.

Barista ya sosa ƙeya. "Kawu, ba na so in ɓata maka dare. A Abuja ƙasa duka ta gwamnatin tarayya ce, minista kaɗai ke da ikon ba da fili. Takardar mai unguwa ba ta tsayar da katafila."

"Shi dattijon da ya gada daga kakansa fa?"

"Shi ma a doka kuɗin amfanin gona da na gini kawai za a lissafa masa."

Mutumin Ushafa ya miƙa wa Alhaji hannu suka tafa. "Barka da zuwa cikinmu."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce wa Barista gobe bayan la'asar ya zo shago, takardun suna cikin akwatin ƙarfe, su duba ko akwai hanyar da za a bi a shigar da filin rajista, da nawa abin zai ci.